Kurt Hahn: Malamin da ya mayar da daji da teku makaranta

Dubban matasan Najeriya da ke shiga sansanonin masu yi wa ƙasa hidima a kowace shekara, kamar na Fanisau da ke Dutse a jihar Jigawa, sun san ranar da jami'an Man O' War ke fito da su fili, su sa su hawan igiya da tsallake katanga da rarrafe cikin ƙura.

Sai dai kaɗan ne daga cikinsu suka san cewa tushen wannan horo yana komawa ne ga wani malamin makaranta Bajamushe, wanda rashin lafiya ta hana shi jure wa rana a mafi yawan rayuwarsa.

Sunansa Kurt Hahn, kuma ya rasu a shekara ta 1974.

Masana harkar ilimi da dama na ɗaukarsa a matsayin uban tsarin nan na fita da samari zuwa daji da duwatsu da teku, a ƙarƙashin jagorancin malamin horo, domin gyaran hali. Abin da ya fi damunsa a duk tsawon aikinsa shi ne yadda za a karkatar da ƙarfi da zafin jinin saurayi zuwa ga ceton rayuka.

Haihuwa da ƙuruciya

An haifi Kurt Hahn a birnin Berlin na ƙasar Jamus a ranar 5 ga watan Yunin 1886, a gidan wasu Yahudawa masu hannu da shuni da ke da masana'antar ƙarfe.

A shekara ta 1904, yana ɗan shekara 18, zafin rana ya buge shi, abin da ya bar masa ciwon kai mai tsanani, har sai da aka yi masa aiki a ƙoƙon kai. Tun daga lokacin ba ya fita sai da malfa mai faɗi, kuma yakan guji haske mai ƙarfi.

A cikin dogon zaman jinyar da ya yi a ɗaki mai duhu ne ya soma tunanin irin makarantar da za ta gina jiki da hali tare da ƙwaƙwalwa.

Ya yi karatu a jami'ar Oxford ta Ingila da kuma wasu jami'o'in Jamus, ciki har da ta Heidelberg da ta Göttingen. Ya koma gida ne a shekara ta 1914, lokacin da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke.

Da yake lafiyarsa ba ta ba shi damar ɗaukar bindiga ba, sai ya yi aiki da ma'aikatar harkokin wajen Jamus, inda yake nazarin jaridun Birtaniya yana rubuta rahoto a kansu.

Daga bisani ya zama sakatare kuma na hannun daman Yarima Max na Baden, wanda ya riƙe shugabancin gwamnatin Jamus na 'yan makonni a ƙarshen yaƙin, a watannin Oktoba da Nuwamban 1918.

Makarantar Salem

Jamus ta fito daga yaƙin a karye, ga yunwa, ga tarzoma, ga matasan da suka tashi ba iyaye maza. Yarima Max da sakatarensa suka ga cewa gyaran ƙasar sai ya faro daga tarbiyya, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

A shekara ta 1920 suka buɗe makarantar kwana a fadar Yariman da ke Salem, kusa da tafkin Constance a kudancin ƙasar, Hahn kuma ya zama shugabanta. Ɗan Yariman, Berthold, yana cikin ɗaliban farko.

Tsarin makarantar ya sha bamban da na sauran makarantun Jamus na wancan zamani. Ɗalibi yakan fara yini da gudu, ya koyi sana'ar hannu, ya yi aikin gona ko na gyara, sannan ya fita doguwar tafiyar ƙasa ko ta ruwa tare da 'yan uwansa.

Kazalika kowane ɗalibi yana da takardar da yake cikawa da kansa, yana rubuta abin da ya yi da abin da ya kasa yi a yininsa, ba tare da malami ya tsaya a kansa ba. Manufar ita ce yaro ya saba da faɗa wa kansa gaskiya.

Karo da Hitler

A watan Agustan 1932, wasu 'yan bangar jam'iyyar Nazi suka kutsa wani gida a ƙauyen Potempa da dare, suka tattake wani lebura ɗan gurguzu har lahira a gaban mahaifiyarsa.

Kotu ta yanke wa biyar daga cikinsu hukuncin kisa, amma Adolf Hitler ya aika musu da saƙon wayar tangarahu yana jaddada goyon bayansa gare su.

Wannan ya sa Hahn ya rubuta wa tsofaffin ɗaliban Salem wasiƙa, yana neman duk wanda ke cikin rundunonin Nazi ya zaɓi ɗaya, ko makarantar ko Hitler.

Bayan Hitler ya hau mulki a watan Janairun 1933, ba a daɗe ba aka kama Hahn a watan Maris aka tsare shi. An sake shi bayan 'yan kwanaki, sakamakon sa bakin wasu manyan mutane, ciki har da Firayim Ministan Birtaniya Ramsay MacDonald.

A watan Yulin wannan shekara ya bar Jamus zuwa Birtaniya, yana da shekara 47, ya baro makarantarsa da dukiyarsa a baya.

Abin da ya gani a Jamus ya yi tasiri a kan duk abin da ya yi daga baya. 'Yan Nazi ma sun fita da samari daji, sun kafa musu tantuna, sun koya musu juriya da biyayya. Hahn ya fahimci cewa ƙarfin jiki da jarumta za su iya zama makamin azzalumi, muddin ba a haɗa su da tausayi ba.

Gordonstoun

A shekara ta 1934 ya buɗe sabuwar makaranta mai suna Gordonstoun a gaɓar teku ta yankin Moray, a arewacin Sikotland, da ɗalibai biyu kacal.

Cikin waɗanda suka shiga a shekarar farko har da wani yaro ɗan gidan sarautar Girka mai suna Philip, wanda ya taɓa yin karatu a Salem, kuma daga baya ya zama mijin Sarauniya Elizabeth ta Biyu. Ɗansu, Sarki Charles na Uku, shi ma ya yi karatu a can daga 1962 zuwa 1967.

A Gordonstoun ne Hahn ya ba aikin ceto matsayi na musamman. Ɗalibai sun riƙa gadin gaɓar teku suna lura da jiragen da suka shiga haɗari, daga baya kuma makarantar ta samu rundunar kashe gobara da ta ceto a kan duwatsu, waɗanda ake kira idan wani abu ya faru a yankin.

Hahn ya lissafa cututtuka shida da yake ganin zamani ya jawo wa matasa. Akwai raunin jiki saboda yawan hawan abin hawa, da mutuwar zuciya saboda sabo da zama 'yan kallo, da raunin tunani saboda rashin natsuwa. Sauran su ne lalacewar ƙwarewar hannu, da rashin kamun kai saboda abubuwan sa maye da ƙwayoyi, sai kuma ƙarancin tausayi, wanda ya ɗauka shi ne mafi muni.

Maganin da ya tsara guda huɗu ne: motsa jiki, doguwar tafiya mai wahala, aikin hannu da ɗalibi zai ɗauka ya kammala, da kuma aikin ceto.

Domin kada abin ya tsaya ga 'ya'yan masu kuɗi, a shekara ta 1936 ya ƙirƙiro wata lambar yabo ta yankin Moray, wadda kowane yaro a garin zai iya nema idan ya cika sharuɗɗan gudu da iyo da tafiyar ƙasa.

Haihuwar Outward Bound

Yaƙin Duniya na Biyu ya tilasta wa makarantar ƙaura zuwa yankin Wales a shekara ta 1940. A lokacin, jiragen yaƙin Jamus masu tafiya a ƙarƙashin ruwa suna ta nutsar da jiragen dakon kayan Birtaniya a tekun Atlantika.

Lawrence Holt, ɗaya daga cikin masu kamfanin jiragen ruwa na Blue Funnel da ke Liverpool, ya damu da wani abu da ake gani. Kamar yadda tarihin ƙungiyar ya nuna, idan jirgi ya nutse aka shiga ƙananan kwale-kwalen ceto, sau da yawa tsofaffin ma'aikata sun fi samari masu jini a jika jure wa sanyi da ƙishirwa.

A ganin Holt, tsofaffin sun taɓa shan wuya sun fita, don haka sun san cewa ana fita. Samarin kuwa ba su taɓa gwada iyakar ƙarfinsu ba, shi ya sa suke saurin yanke ƙauna.

Holt ya ba da kuɗi da jiragen horo da ma'aikata, Hahn ya kawo tsari, suka buɗe makaranta a garin Aberdovey da ke gaɓar tekun Wales a shekara ta 1941. Wani malami mai suna Jim Hogan ne ya fara shugabantarta.

Holt ne ya raɗa mata suna Outward Bound, wato abin da ma'aikatan ruwa ke kiran jirgin da ya bar tashar da yake cikin aminci ya doshi tsakiyar teku.

Horon yakan ɗauki kimanin makonni huɗu. Akan haɗa samari daga wurare daban-daban, masu koyon aikin jirgi da 'yan masana'antu da 'yan makaranta, a raba su ƙananan rukunoni na kusan mutum goma sha biyu, kowane rukuni da malaminsa.

Sukan koyi tuƙin kwale-kwale da karatun taswira da ɗaurin igiya da agajin gaggawa, sannan a ƙarshe a tura su doguwar tafiya a kan duwatsu ko a teku.

A wannan tsari ne aikin malamin horo na waje ya samu siffar da aka san shi da ita. Shi ne ke duba yanayin sama da hanya da kayan aiki tun kafin a tashi, shi ne ke sanin wanda ya gaji da wanda tsoro ya kama. Amma da zarar rukunin ya fara iyawa, sai ya ja baya ya bar su su yanke shawara da kansu, su ɗanɗani sakamakon kuskurensu, yana kusa da su don kada kuskuren ya kai ga asarar rai.

Yadda tsarin ya iso Najeriya

Wanda ya kawo wannan tunani Afirka ta Yamma shi ne Alec Dickson, wani ɗan Birtaniya da ya yi aikin wayar da kan jama'a a ƙarƙashin gwamnatin mulkin mallaka.

A shekara ta 1951 ya buɗe cibiyar horo a wani wuri da ake kira Man O' War Bay, kusa da garin Victoria, wanda ake kira Limbe a yanzu, a Kudancin Kamaru, wadda a lokacin ake mulkinta tare da Najeriya. Daga sunan wannan gaɓar teku ne ƙungiyar Man O' War ta samo sunanta.

An riƙa aika malaman makaranta da akawuna da ma'aikatan En'e daga Arewa da Gabas da Yamma zuwa can. Sukan koyi iyo a teku, su hau dutsen Kamaru mai tsawon sama da mita 4,000, sannan su shiga ƙauyuka su yi aikin hanya ko gada tare da mutanen gari.

Manufar Dickson ita ce matasan da suka yi boko, waɗanda ake sa ran za su karɓi ragamar mulki, su daina ganin aikin ƙarfi a matsayin ƙasƙanci, kuma ɗan Arewa da ɗan Kudu su san juna a kan igiya guda. Shi ne daga baya ya kafa ƙungiyar 'yan sa kai ta VSO a shekara ta 1958.

Bayan ƙuri'ar raba gardama ta watan Fabrairun 1961, wadda ta sa Kudancin Kamaru ya fice, an mayar da cibiyar cikin Najeriya, zuwa Kurra Falls da ke ƙasar Filato.

Ita ce ta zama Cibiyar Horar da 'Yan Ƙasa da Shugabanci ta gwamnatin tarayya, wadda ta kafa makarantar duwatsu a Shere Hills kusa da Jos, da ta ruwa a Apapa da ke Legas, da wasu rassa kamar na Kwatarkwashi a jihar Zamfara da na Fika a jihar Yobe.

Da gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa shirin yi wa ƙasa hidima a shekara ta 1973, bayan yaƙin basasa, sai wannan horo ya zama wani ɓangare na zaman sansani.

Shekarun ƙarshe

Hahn ya ajiye shugabancin Gordonstoun a shekara ta 1953 saboda rashin lafiya, ya koma zama kusa da Salem, amma bai daina aiki ba.

A shekara ta 1956 tsohon ɗalibinsa Yarima Philip ya amince da roƙonsa, aka ƙaddamar da lambar yabo ta Duke of Edinburgh, wadda ta ginu a kan ta Moray. John Hunt, jagoran tawagar da ta fara kai wa ƙololuwar dutsen Everest a 1953, shi ne darektanta na farko. Shirin ya bazu zuwa ƙasashe fiye da ɗari, ciki har da Najeriya.

A shekara ta 1962 ya taimaka wajen kafa kwalejin Atlantic a kudancin Wales, inda ake haɗa ɗalibai daga ƙasashe daban-daban. Ɗaliban kwalejin da shugabanta Desmond Hoare ne suka ƙera wani kwale-kwalen ceto mai ƙasan katako da gefen roba mai iska, wanda irinsa ya zama abin amfani ga masu aikin ceto a faɗin duniya.

A wannan shekarar ce kuma aka buɗe makarantar Outward Bound ta farko a Amurka, a jihar Colorado.

Kurt Hahn ya rasu a kudancin Jamus a ranar 14 ga watan Disamban 1974, yana da shekara 88. Bai taɓa yin aure ba.

Suka da ƙorafi

Tsarin nasa bai tsira daga suka ba. Wasu na ganin makarantunsa na 'ya'yan sarakuna da attajirai ne, wasu kuma na cewa gudun asuba da wankan ruwan sanyi sun fi dacewa da yaro mai ƙarfi, mai rauni kuwa sai ya sha wahala a hannun 'yan uwansa.

A shekara ta 2024, wani kwamitin bincike a Sikotland ya bayyana cewa an ci zarafin yara a Gordonstoun tsawon shekaru da dama ba tare da an ɗauki mataki ba, saboda an dogara ga kyakkyawar niyya maimakon sa ido. Makarantar ta nemi gafara.

Haka nan kuma, bazuwar fita da yara daji ta zo da haɗurranta a wasu cibiyoyin da ba nasa ba. A watan Nuwamban 1971, ɗalibai biyar daga Edinburgh da wata mai taimaka wa jagorarsu suka mutu cikin dusar ƙanƙara a duwatsun Cairngorm.

A watan Maris na 1993 kuma wasu matasa huɗu suka nutse a gaɓar tekun Lyme da ke kudancin Ingila, a hannun malaman da ba su ƙware ba. An ɗaure shugaban kamfanin, sannan a 1995 aka yi dokar da ta tilasta wa irin waɗannan cibiyoyi samun lasisi.

Abin lura ga ƙasar Haɗejiya

Da yawa daga cikin abubuwan da Hahn ya yi ƙoƙarin dawo wa 'ya'yan Turai da su, suna nan a fadamun kogin Haɗejiya. Yaran Guri da Kirikasamma da Auyo na tashi ne da tuƙin kwale-kwale da su da kiwo, kuma al'adar gayya ta daɗe tana haɗa samarin gari a kan aiki guda.

Yankin kansa sananne ne ga masu nazarin halittu, saboda tsuntsayen da ke ƙaura daga Turai zuwa dausayin Haɗejiya da Nguru a lokacin hunturu. Yarima Philip ya ziyarci matattarar tsuntsaye ta Dagona a shekara ta 1989, lokacin yana shugabantar asusun kare namun daji na duniya, kuma an sanya dausayin Baturiya cikin jerin wuraren Ramsar a 2008.

To amma kogin da ke ciyar da jama'a shi ne kuma ke yi musu barazana. Tun bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, tafiyar ruwan ta sauya, ciyawar kachalla ta toshe hanyoyi da dama, kuma ambaliya ta zama abin fargaba a duk damina.

A ambaliyar shekara ta 2022, wadda ta hallaka mutane fiye da 600 a faɗin Najeriya, Jigawa na cikin jihohin da abin ya fi shafa. Samari 'yan sa kai ne suka riƙa kwana suna cika buhuna da ƙasa suna ƙarfafa jinga domin kare garuruwansu.

A maƙwabciyar jihar Kano kuma, a ƙarshen watan Nuwamban 2021, wani kwale-kwale da aka cika maƙil ya kife a ruwan Bagwai, inda aƙalla mutum 29 suka rasu, akasarinsu ɗaliban Islamiyya.

A irin waɗannan lokuta, waɗanda ke fara isa wurin su ne masunta da samarin unguwa da 'yan agajin ƙungiyoyin addini, tun kafin jami'an gwamnati su ƙaraso. Abin da suka fi buƙata shi ne horo na tsari kan iyo da ceto da farfaɗo da wanda ya sha ruwa, da rigunan kariya, da kuma ƙwararrun malaman da za su jagorance su.

Wannan shi ne ɓangare na huɗu na tsarin Kurt Hahn, wanda ya fifita a kan sauran ukun. Ya yi imanin cewa saurayin da aka taɓa damƙa wa amanar ran wani, ya kuma tsamo shi daga halaka da hannunsa, da wuya a yi amfani da shi wajen cutar da jama'a.